Wane kitso zan yi wa 'yan matana na Sallah wanda ba zai cinye musu gashin gaba ba?

Uwar 'yan mata biyu, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena, barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu. Na zo da wata damuwa da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗi komai yadda yake, har da inda nake ganin laifina ne.

Ina da 'ya'ya mata biyu, ta farin shekararta 8, ƙanwarta kuma 4. A Babbar Sallar da ta wuce na kai babbar wurin wata makitsiya da ake yabon hannunta a unguwarmu, na ce a yi mata ƙananan shuku mai zane, irin wanda na gani a hoto ya burge ni. An zauna tun bayan azahar ba a tashi ba sai da aka kira magariba. Kitson ya yi kyau, duk wanda ya gani sai ya tanka, amma a daren nan yarinyar a kife ta kwana saboda ba ta iya ɗora ƙeyarta a kan matashi. Da safe na lura girarta ta ɗage sama kamar wadda take mamaki, bayan kwana biyu kuma wasu ƙananan ƙuraje masu farin baki suka feso mata a ƙeya da bayan kunne. Na shafa mata mai, na ba ta maganin ciwon kai, na ce kitso ne sabo, zai saki. Kitson ya yi sati biyar a kanta. Ranar da na tsefe, gashin goshinta da na gefen kunnuwa ya riƙa biyo mataji, kuma har yau wurin bai cike ba. Idan na auna da hannuna, gashin gaban ya ja baya da kusan faɗin yatsa biyu, sai wasu 'yan siraran gashi da suka rage a bakin goshin kamar geza.

Ita kuwa ƙaramar, da ta ji an ce gobe kitso sai ta fara kuka tun daga daren, kuma ranar nan a bayan ƙofar ɗakin kakarta na same ta ta ɓuya. Surukata tana cewa haka kowa ya taso, kitson da ba a ja ba ba ya kwana biyu, kuma ado sai da wahala. Wata ƙawata ta ce in shafa musu man da ke miƙar da gashi domin ya yi laushi su daina kuka, wata kuma ta ce in sa a ƙara wa babbar zaren ulu a gaba ya rufe inda ya zube.

Yanzu saura kimanin sati uku a yi Ƙaramar Sallah, kuma ba na so su fita yawon Sallah kai babu gyara alhali sa'o'insu sun yi ado. Ina roƙon masu sani su taimaka mini: wane kitso ne ya dace da shekarunsu, mai kyau, wanda zai kwanta a ƙarƙashin hijabin Islamiyya kuma makarantar boko ba za ta ce a tsefe ba? Kwana nawa ya kamata ya yi? Gashin babbar zai dawo kuwa? Sannan mene ne hukuncin ƙarin da aka ba ni shawara? Allah ya saka da alheri.

Makitsiya, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya shirya su. Na fi shekara 20 ina wannan sana'a, a hannun mahaifiyata na koya, kuma zan fara da faɗin gaskiya a kanmu mu makitsa kafin in zo kan tambayarki. Yawancinmu ba mugunta ce take sa mu jan kan yaro ba. Abin da ke faruwa shi ne, idan kitso ya tashi bayan kwana biyar, uwa ba za ta ce gashin 'yarta ne mai laushi ba, cewa za ta yi wance ba ta iya ba, sai ta koma wurin wata. Saboda haka kowace makitsiya take tamke hannu domin ta kare sunanta, har ta bi 'yan ƙananan gashin goshi da ko tsinke ba ya kamawa ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya ta cusa cikin kitso don a ce aikinta ya fita tsaf. Waɗannan 'yan gashin su ne mafi rauni a kai gaba ɗaya, kuma su ne suka fara tafiya a kan 'yarki. Idan uwa ta buɗe baki ta ce ita ta yarda kitso ya tsufa da wuri, a dai sassauta, wallahi mu ma sauƙi ne a gare mu, domin yatsunmu ma ciwo suke yi.

To, bari in fara da ƙaramar. Yarinya 'yar shekara 4 ba ta da haƙurin zaman da ya wuce rabin awa zuwa minti 40, don haka duk kitson da zai ɗauki fiye da haka ba nata ba ne, komai kyansa. Abin da nake yi wa irinsu shi ne manyan kalaba. Ana tsaga kan gida takwas ko goma, a yi tsagar ta fita sosai, ko murabba'i ko mai kusurwa uku, sai a kitse kowane gida shi kaɗai ba tare da an tamke gindinsa ba. Kyan wannan kitso a tsaga yake: idan makitsiya ta iya riƙe kibiya, layukan kan kaɗai ado ne. A bakin kowace jela a sa duwatsu biyu ko uku marasa nauyi masu launin kayan Sallarta, ko a ɗaura ɗan ribom. Na ce biyu ko uku da gangan, domin na ga yarinyar da aka jera wa duwatsu har goma a jela guda, tana gudu suna dukan fuskarta, nauyinsu kuma yana jan gashin daga tushe duk tsawon yini. Kuma ki tabbatar an toshe bakin da kyau, saboda masu shekarunta suna cire dutse su tura a hanci ko kunne.

Idan gashinta gajere ne bai isa kalaba ba, kada a tilasta shi. A yi mata kitson zare mai sauƙi, a naɗe kowane gida da baƙin zare ba tare da an fara naɗin daga jikin fata ba, a bar ɗan sarari a gindi yadda za ki iya motsa shi da yatsa ba ta yi ƙara ba. Kitson zare yana miƙar da gashi ba tare da wuta ko wani sinadari ba, kuma idan aka kwance za ki ga ya yi laushin tajewa. Inda ake ɓata shi shi ne a ɗaure shi da robar nan siririya da ake ɗaure kuɗi da ita. Wannan roba tana cin gashi, ranar cirewa da gashin take fita.

Yanzu babbar. Ita a wannan Sallah ki manta da shuku gaba ɗaya, da duk kitson da ake tattara gashi a ja shi sama zuwa tsakar ka, domin a shuku nauyin kai duka a kan goshi da ƙeya da gefen kunne yake sauka, wato daidai inda ciwon yake. Ga shi kuma yana yin tudu a ƙarƙashin hijabi, yarinya ta wuni tana jan hijabin yana gogar mata goshi. Abu biyu zan ba ki ki zaɓa.

Na farko kitson Fulani ne, kuma shi na fi so mata. Ana yin layi ɗaya a tsakiya daga goshi zuwa baya, sai a tsaga sauran su gangaro gefe da gefe zuwa wajen kunnuwa, a bar jela ɗaya ko biyu su sauko ta gaban kowane kunne. Hikimar da ke cikinsa ita ce, gashin gefen ba baya ake jansa ba, bin inda ya kwanta da kansa ake yi, sannan jelolin da suka sauko za su rufe gefen da ya yi fili ba tare da an ƙara komai ba. Matan Fulani suna yi masa ado da wuri da tsabar azurfa, ke kuwa wuri guda a bakin kowace jelar gaba ya isa, kuma za ki ga yadda zai fito mata da fuska. Ranar komawa makaranta sai ki cire adon, kitson ya zama na 'yan makaranta.

Na biyu kwando ne, amma manya, layi shida zuwa takwas, a faro shi daga tsakar ka a gangaro, ko a kewaya da shi ya zagaye kan kamar gammo a soke jelar a ƙeya. Wannan ya fi kowane kwanciya a ƙarƙashin hijabi, kuma barci da shi babu wahala. Ko wanne kika zaɓa, ki gaya wa makitsiyar tun kafin ta ɗauki kibiya cewa gashin bakin goshi ba na kitso ba ne, ta fara daga bayansa da kamar faɗin yatsa, ta bar shi a shafa masa mai a kwantar da hannu.

Rabin kukan da yara suke yi ba na kitson ba ne, na tajewa ne, kuma wannan aikinki ne ba na makitsiya ba. Ki tsefe musu kwana biyu kafin ranar, da yatsa da ɗan mai, ba da mataji ba. Ki wanke, kuma tun gashin yana da danshi ki raba shi gida huɗu, ki kama kowane gida a tsakiya da hannun hagu yadda jan ba zai kai fata ba, ki fara tajewa daga baki kina hawa zuwa gindi da mataji mai manyan haƙora. Ki tufke shi manya-manya ya bushe a haka. Idan kika kawo mini yarinya da irin wannan kai, zan gama mata ba ta zubar da hawaye ba. Amma a kawo kai busasshe a cukurkuɗe, ga layin mata goma suna jira, dole makitsiya ta sa ƙarfi.

Wannan ya kawo ni kan lokaci. Kada ki kai su ranar jajibere ko kwana ɗaya kafinta. A ranakun nan muna kwana zaune, ga azumi, hannu ya gaji, rai ya ɓaci, kowa sauri take yi. Ki kai su saura kwana huɗu ko biyar, da safe bayan sun karya, ki zauna kusa ki ga yadda ake yi. Idan kika ga fatar kan ta ɗago tsakanin layi da layi, ko girar yarinya ta ɗage, ko ta kasa sunkuyar da kai ta kalli ƙafarta, a kwance wannan layin nan take, kada ki ji nauyin kowa. Kitson yaro sati biyu ne, idan ya daɗe ƙwarai uku, sannan a tsefe a bar kan ya sha iska kwana biyu ko uku, kuma kitso na gaba a sauya wurin tsaga da inda ake kai jelar.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna

'Yar uwa, Hajiya makitsiya ta gama magana a kan salo, ni zan tsaya a kan tambayarki ta ko gashin zai dawo, domin ina ganin irin wannan a wurin aiki.

Abin da kika kwatanta, wato gashi ya ja baya a goshi da gefen kunne amma wasu 'yan siraran gashi sun rage a bakin kamar geza, shi ne kamannin zubewar gashi da ja yake haddasawa. Kowane silin gashi yana da ɗan ramin da yake tsirowa daga ciki. Idan aka ja shi da ƙarfi na tsawon kwanaki, ramin yana kumbura, shi ne ƙurajen nan masu farin baki da kika gani, sai gashin ya saki ya fita. A farkon lamari ramin yana nan da rai, kuma idan aka daina jan, gashi yana sake tsirowa. Idan kuwa aka ci gaba shekara da shekaru, ramin yana mutuwa ya zama tabo, wurin ya yi sumul yana sheƙi, kuma daga nan babu man da zai tsirar da komai. Shi ya sa kike ganin manyan mata da yawa suna jawo ɗankwali har kan gira. Ba ƙaramar matsala ba ce: wani bincike da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2007, ya samu wannan zubewa a kan kusan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, a manyan mata kuma kusan kashi 32 cikin 100. Wato abin yana farawa tun ƙuruciya, yana ƙaruwa da shekaru.

'Yarki shekararta 8, kuma daga bayaninki sau ɗaya aka yi mata mummunan ja, don haka ina kyautata zaton zai dawo in sha Allahu. Sai dai ki yi haƙuri da shi. Gashi kusan santimita 1 yake yi a wata, saboda haka ko da ya fara tsirowa yau, sai an yi watanni kafin ido ya gamsu. Abin da ya ɗan tsaya mini shi ne tun Babbar Sallah ake magana, an daɗe. Ina so ki duba ko kitson makarantar da ake yi mata duk mako ma ana kama wurin, ko hular da take sawa a ƙarƙashin hijabi tana da roba mai matse goshi, domin waɗannan ma ja ne, kullum kuma. Ki ɗauki hoton goshin yau da rana, ki sake ɗauka bayan wata uku a wuri guda. Idan babu bambanci, ko kika ga wurin ya yi santsi babu ko ɗigon ramukan gashi, ki kai ta wurin likitan fata, kada ki tsaya gwajin mayukan kasuwa.

Maganar man miƙar da gashi kuwa, ina roƙonki kada ki kusantar da shi kan yaran nan. Sinadarin da ke cikin mai ƙarfinsa shi ne sodar da ake haɗa sabulu da ita, waɗanda ake rubuta wa na yara ma danginsa ne, aikinsu shi ne su karya ƙarfin silin gashi domin ya miƙe. Fatar kan yaro ba ta da kauri, tana ƙonewa da sauri. Kuma binciken da na ambata ya nuna cewa zubewar ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa kitso a kan gashin da aka riga aka shafa wa wannan mai. Wato shawarar ƙawarki za ta haɗa wa yarinyar abu biyu mafi muni a lokaci guda.

Akwai abu biyu da nake so kowace uwa ta duba kafin ta kai 'yarta kitson Sallah, saboda a lokacin mataji guda yana bin kawuna ashirin. Na farko makero: idan kika ga wani wuri zagayayye a kai, gashinsa ya kakkarye, yana da farin gari kamar amosani, to wannan ba na ja ba ne, cuta ce mai yaɗuwa ta mataji da hula da matashi, kuma man shafawa kaɗai ba ya kashe ta saboda tana cikin silin gashin. Maganin sha ake bayarwa na sati shida zuwa takwas, likita ne zai auna shi daidai nauyin yaro. Na biyu kwarkwata. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka hana kitso da kwarkwata, a fara kashe ta da maganin da aka yi domin kan mutum, a tsince ƙwayayenta, sannan a yi kitso. Kada a kuskura a zuba fiya-fiya ko kalanzir a kan yaro. Fiya-fiya guba ce da take ratsa fata ta shiga jini, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Ki saya wa 'ya'yanki matajinsu da kibiyarsu, ki riƙa tafiya da su wurin kitso.

Ga masu jarirai da suke karantawa, maɗigar yaro ba ta gama haɗewa sai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, gashinsa kuma bai yi ƙwari ba. Wanki da ɗan mai sun ishe shi.

Malamar Islamiyya, Katsina

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni. Zan taɓa maganar ƙarin gashi gwargwadon abin da na karanta a gaban malamaina.

Gyaran gashi abin so ne a addini. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda yake da gashi ya girmama shi. Don haka niyyarki ta yi musu ado ranar idi niyya ce mai kyau. Amma ƙari daban ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, ko ta ƙara mata? Sai ya ce Allah ya la'anci mai ƙarawa da wadda ta nemi a ƙara mata. Ki lura da yadda wannan tambaya ta yi kama da taki: uwa ce, 'yarta ce, gashin zubewa ya yi, kuma ga biki a gaba, duk da haka ba a yi mata rangwame ba.

Idan ƙarin da gashin mutum ne, malamai ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba. Inda suka saɓa shi ne abin da ba gashi ba, kamar ulu da tsumma. Alƙali Iyad ya kawo cewa Imamu Malik da mafi yawan malamai sun hana sadar da gashi da kowane abu, shi kuwa Laisu ɗan Sa'ad ya taƙaita hanin a kan gashi. Ya kuma bayyana cewa ɗaura zaren alharini mai launi da makamantansa, wanda bai yi kama da gashi ba, ba ya cikin hanin, domin ado ne bayyananne, ba a nufin a ruɗi kowa da shi. A kan haka, ribom da duwatsu da wurin da Hajiya ta ambata babu laifi a cikinsu. Baƙin ulun da za a saƙa cikin gashi don a zaci nata ne, shi ne abin da nake ba ki shawara ki bari, musamman mu da muke bin mazhabar Malik. Yarinya ba a rubuta mata zunubi, amma ke da makitsiya baligai ne, kuma abin da ta saba da shi tana 'yar shekara 8 da wuya ta bar shi tana 'yar 18.

Game da surukarki, ki bi ta da ladabi, kada ki ce mata ta yi kuskure. Ki nuna mata goshin jikarta da rana ta gani da idonta. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma yarinyar da ta kwana a kife saboda zafin kai an cutar da ita, ko da da kyakkyawar niyya ne. A ajina ina gane wadda aka yi wa sabon kitso mai tsauri tun daga yadda take sujada, goshin ba ya son taɓa ƙasa.

Kakar yara, Damagaram

'Yata, ni tsohuwa ce, jikata ce take rubuta mini. Ina so in ɗan kare surukarki, domin abin da ta faɗa rabinsa gaskiya ne. Mu ma an ja mana kai, amma ba tun muna shekara huɗu ba. A garinmu lokacin da muke yara, bayan askin suna yarinya takan daɗe ana yi mata aski ko a bar mata ɗan tukku, sai ta yi wayo gashi ya yi ƙwari sannan a fara mata kitso, shi ma manya. Doka da sauran kitso mai wahala na matan aure ne da 'yan matan da suka isa. Maƙwabtanmu Barebari ma raba gashin yarinya suke yi gida uku, gaba da tsakiya da baya, kowa ya gani ya san yarinya ce. Yanzu ne aka ɗauki kitson amare aka ɗora wa 'yan yaye.

Mai kuma, ba ki buƙatar na kanti mai tsada. Man kaɗanya mai kyau, ki ɗebi kaɗan ki murza a tafin hannu har ya narke, ki fara yayyafa wa kan ruwa sannan ki shafa, domin ruwan ne yake sa laushi, man riƙe shi yake yi. Bayan kwana biyu ko uku ki maimaita, a lokacin hunturu kuma kullum. Kada ki cika shi har ya toshe kan ya riƙa kama ƙura. Na zauna a Chadi shekaru, na ga yadda matan can suke amfani da garin shebe da man karkar. A jikin gashi suke shafa shebe suna kitsewa, ba a fatar kai ba, kuma aikinsa hana gashi karyewa ne, ba ya tsirar da inda ya zube. Masu sayarwa za su gaya miki akasin haka. Kada ki sa shi a goshin yarinyar nan. Da dare ki ɗaura musu ɗankwali mai santsi, kuma kullin ya zama a gefe, ba a kan goshi ba, ba kuma da ƙarfi ba.

Uwar 'yan mata biyu, Zariya

Iyayena, na rasa bakin godiya, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Anti ma'aikaciyar jinya, kin yi gaskiya. Da na karanta saƙonki na je na ɗauko hular da babbar take sawa a ƙarƙashin hijabi, robar bakinta ta matse har tana barin shaida a goshinta, daidai layin da gashin ya tsaya, kuma kusan shekara guda ke nan tana sa ta safe da yamma. Na farke robar na sa mata igiya mai laushi. Na ɗauki hoton goshin kamar yadda kika ce, na rubuta kwanan wata.

Jiya bayan la'asar na zaunar da surukata a tsakar gida na ce ta duba mini kan jikarta ko makero ne. Ta juya kan a hasken rana ta daɗe tana kallo, ta ce ba makero ba ne, hannu ne, sannan ta ce ita za ta raka su wurin kitson da kanta ta ga wadda za ta ja mata kan jika. Na gwada tajewar da Hajiya ta koya mini a kan ƙaramar, da danshi, daga baki zuwa gindi, ta zauna a cinyata tana wasa da murfin kwano har na gama gida huɗun.

Babbar ta zaɓi kitson Fulani, ta ce wuri biyu take so a kowane gefe ba ɗaya ba. Hajiya, biyun zai yi mata nauyi a gefen da ya zube, ko in bar ta?